Jirgin Baba Ya Tarar da Yashi

Terwier, ƙasar Holan
Farkon Oktoba, 1967

Zuwa ga ƙanena Wiebe, a jirgin ruwa mai suna Rinske, ta hannun mai tsaron ƙofar ruwa ta Lemmer.

Ina gaishe ka, ina gaida Minke, ina gaida jirgin, tunda na san idan na tsallake shi cewa za ka yi ban yi gaisuwa ba. Yaya bayan Minke? Ka ce mata ta bar ɗaga igiyoyin nan ita kaɗai, ba ta auri gurgu ba. Ni da Jelle lafiyarmu lau. Baba ne dai babu daɗi, shi ne ma dalilin wannan takarda.

Likita ya zo ranar Talata. Da ya gama dube-dubensa ya ja ni bakin ƙofa ya ce zuciyar ta gaji, da wuya Baba ya ga narkewar ƙanƙarar bana. Na tsaya na goge idona sarai kafin na koma ciki, amma ka san mutumin.

Ya ce, "Me mai jakar nan ya faɗa miki?"

Na ce, "Cewa ya yi ka rage taba."

Ya ce, "Ƙarya kike, Hiske, ga kunnenki nan ya yi ja. Ɗauko takarda ki rubuta wa ƙanenki ya kawo mini jirgina. A cikinsa aka haife ni, a cikinsa na aurar da ke, ba zan mutu a gidan mai tifa ba."

Mai tifa Jelle ke nan. Ba ka sani ba, ya bar aikin gonar shanu, ya sami tuƙin motar yashi wajen masu gina sabuwar hanyar nan da ta taso daga kudu, wadda za ta tsallake koramarmu daidai injin iska, tsohon injin niƙan nan mai fuka-fukai. Tun ranar Baba bai sake kiran sunansa ba. Mutumin da yake taƙama cewa bai taɓa sa ƙafarsa a mota ba, wai motoci ne suka ƙwace wa jirage abinci, ga shi yanzu mota ce ke kawo dankalin da yake ci. Jelle ba ya tanka masa, sai dai ya yi murmushi ya tura masa gishiri.

To, na yi masa alkawari, Wiebe. Na riƙe hannunsa na ce jirgin zai zo ya tsaya a bayan gida kamar yadda yake yi kowane sanyi lokacin Inna tana da rai, mu shimfiɗa masa a ɗakinsa na baya, kusa da murhu. Tun daga nan ya sa aka juya masa kujera ta fuskanci taga, can yake wuni yana kallon ruwa. Ko agwagwa ta motsa sai ya ɗaga kai.

Na san kana da kaya a hannu, ban ce ka zubar da su a kogi ba. Amma shekara uku ke nan ba ka shigo da jirgin gida ba, bana kam ba ka da abin faɗa. Ka zo kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Ina jin tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Yayarka,
Hiske

*

Kusa da Maastricht
Tsakiyar Nuwamba

Yaya Hiske,

Mun gaishe ku duka. Minke ta ji sauƙi, ta ce a gaya miki igiya ba ta taɓa karya ta ba, surutuna ne ke sa mata ciwon baya. Jirgin ma yana amsawa, sai ɗan tari da injin ke yi da safe.

Takardarki ta sha yawo kafin ta same ni. Ta kwana biyu a Lemmer, aka ba wani mai jirgin alkama ya kai ta Rotterdam, ta tarar na wuce, ta biyo ni kudu a aljihun wani mai jirgin tsakuwa da ya manta da ita har sai da ya je neman ashana. Na karanta ta har ƙarshe. Na zauna a kan murfin kaya ban san Minke tana kirana ba. Baba fa, Yaya. Mutumin da yake tura jirgi cike da kwal da gora ɗaya a ƙirji.

Zan zo. Akwai siminti a cikina da zan sauke a Zwolle, daga nan babu wanda zai sake loda mini ko da buhun gashin kaza ne. Ki ce masa farkon Disamba ya kasa kunne, zan buga masa jiniya tun daga injin iska, dogo ɗaya gajeru biyu, irin tasa. Minke ta riga ta fara wanke ɗakin baya, ta fitar da tarkacenmu, ta ce gadon ma nasa ne dama, aro muke yi.

Batun sabuwar hanya, na ji. Su yi ta yi, kowace shekara sai an ƙara mana gada ɗaya ta jira. Ki dai ce wa mijinki, tunda yanzu ya zama babban mutum a wajen, ya gaya musu su sa mai tsaron gada mai jin kunne. Kada su ɗauko mana irin tsohon nan na gadar coci, wanda sai ka yi ta jiniya har shanu su watse kafin ya ajiye kofinsa ya ɗaga maka. Kuma ki ce masa ban manta ba, wanda ya yi amai a jirgina ranar bikinku, ruwa kwance ko iska babu, dole ya nemi abin da ke tafiya a ƙasa.

Ki riƙe mana Baba da kyau. Ki bar shi ya sha tabarsa.

Ƙanenki,
Wiebe

*

Terwier
Ƙarshen Nuwamba

Wiebe,

Ina gaida ku a gurguje. Baba yana nan, ƙafafun sun kumbura amma yana cin abinci. Ina aika wannan Zwolle, na kuma aika irinta Lemmer, Allah ya sa ɗaya ta tare ka.

Babu gada, Wiebe. Ka sake karantawa, ni ma sai da na gani da idona.

Maganar mai tsaron gada da ka yi ce ta ba ni dariya, na karanta wa Jelle muna cin abinci. Bai yi dariya ba. Ya ajiye cokali ya ce zai duba mota, ya fita. Abin ya tsaya mini a rai, washegari na hau keke na tafi injin iska in ga gadar da kaina. Ina zuwa na tarar da tudu. Sun zuba yashi daga wannan gaɓa zuwa waccan, sun danne, har sun malala kwalta a kai, motoci suna wucewa. A ƙasa sun binne wani bututu don ruwa ya riƙa ratsawa, wanda ko kare ba zai shige shi a tsaye ba. Koramar da kakanninmu suka haƙa da hannu, an yanke ta biyu. Na jingina keken, na zauna a ciyawa jiƙaƙƙiya kamar mahaukaciya.

Ni da kai kuskure ɗaya muka yi. An haife mu a kan ruwa, a wajenmu idan hanya ta gamu da korama hanya ce ke ɗagawa ta ba jirgi wuri. Ko a mafarki ban kawo cewa akwai wata tsallakewa ba. Da hannuna na rubuta maka za ta tsallake, ban tambayi ta yaya ba.

Da Jelle ya dawo na tare shi a waje don kada Baba ya ji.

Na ce, "Yashin da kake ɗauka tun bazara, ina kake zuba shi?"

Ya ce, "Inda aka ce in zuba."

Na ce, "Kana zaune na riƙe hannun tsohon nan na yi masa alkawari. Kana zaune, Jelle, kana yanka burodi."

Ya ce, "Lokacin an riga an gama rabi. Me zan ce? Sun ce jiragen da ke shiga Terwier a shekara ba su kai a gina musu gada a ɗauki mai tsaro ba. Duk garin nan an sani."

Na ce, "Duk garin ban da gidan da abin ya shafa."

Ya ce, "Kowa tsoron bakinki yake ji, Hiske. Har ni."

Ka ji fa. Ashe shi ya sa matar mai burodi take kawar da kai idan na ce jirgi na nan zuwa. Ashe shi ya sa fasto ya yi ta ce wa Baba mutum yana iya samun natsuwa a kowane ɗaki. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini haka ba.

Ban gaya wa Baba ba. Na buɗe baki sau da yawa, sai in ga yadda yake goge tagar da hannun riga, in fasa. Jiya ya ce ruwan koramar ya daina tafiya, ganye yana tsayawa wuri ɗaya, ko me ya sa. Na ce rashin iska ne.

Ka fi ni sanin hanyoyi. Babu yadda za a zagayo ta arewa, ta tsohuwar koramar masu yankan ciyawa? Na san ta cushe, amma ko da ja ne da igiya, zan tara maza. Kada ka taho kai tsaye. Ka tsaya a Lemmer ka aiko mini, mu san abin da za mu faɗa masa tare.

Hiske

*

Bakin kogin IJssel
Farkon Disamba

Yaya,

Gaisuwa gare ku. Mu lafiya, sai sanyi. Shiru ban ji daga gare ki ba, na ɗauka lafiya ce, don na san da wani abu ya faru da ko tsuntsu ne kin aiko.

Mai simintin ya canza magana, ya ce a sauke masa a wani ƙauye kafin Zwolle, saboda haka ban shiga garin ba, na ma ci riba da lokaci. Gobe zan tsallaka babban tafki. Ana cewa sanyi mai tsanani na tafe, don haka a Lemmer ba zan ko ɗaure igiya ba, ana buɗe mini ƙofa zan wuce. Minke ta dafa miyar wake mai kauri irin wadda cokali ke tsayawa a ciki, ta ce Baba zai ce ba ta kai ta Inna ba amma zai nemi ƙari.

Mai yiwuwa in riga takardar nan isowa. Ki buɗe masa taga ya ji jiniya.

Wiebe

*

Terwier
Disamba

Wiebe,

Ban san ko in gaishe ka ba. Ina gaida Minke. Ka gaya mini yadda Baba yake, don ni da nake jinyarsa shekara biyar yau sai dai in tambaya.

Takardarka ta bakin kogi ta iso bayan komai ya wuce, na karanta ta a tsaye gaban kujerar da babu kowa a kai.

Bari in faɗa maka abin da na gani, tunda kai ba ka tsaya ka gan ni ba. Ranar Alhamis maganinsa ya ƙare, na shiga bas na tafi birni. Kafin in fita sai da muka yi faɗa, ya ƙi sa safa, na ce masa ya fi jariri wahala, na ja ƙofa da ƙarfi. Maganar ƙarshe da na yi masa ke nan. A birni aka yi ta jan rai wajen mai magani, ban samu bas ɗin dawowa ba sai da yamma. Yanzu ta sabuwar hanya suke bi. Muna hawa tudun nan na injin iska na waiga, sai ga Rinske. Jirginmu, Wiebe, da baƙin fentinsa da jan layinsa, ya juya mini baya yana tafiya kudu yana fasa ƙanƙara. A bakin sitiyari ga wani mutum zaune an lulluɓe shi da bargon da ni na saƙa.

Na miƙe ina dukan gilashi. Na ce wa direba ya tsaya.

Ya ce, "Ba a tsayawa a wannan hanya, uwargida. Doka ce."

Na ce, "Ubana ne a jirgin can."

Ya ce, "Ko sarauniya ce a ciki, tasha tana gaba."

Mutane suka yi ta kallona, wata ta ja rigata ta ce in zauna kada in faɗi. Kafin ya sauke ni a mararraba in dawo da gudu, takalmin katako a kan kwalta mai santsi, babu abin da ya rage sai hanyar da kuka buɗe a cikin ƙanƙara, ita ma tana haɗewa.

A gida na tarar da Jelle zaune a kicin da hularsa a hannu. Ya ce shi ya kai shi, a tifa. Na ce ƙarya ne, Baba ba ya shiga mota. Ya ce in tambaye ka. Daga nan ban sake ce masa uffan ba, ina ajiye masa abinci ina barin ɗakin.

Wane irin abu ne wannan? Mutum biyu, mijina da ƙanena, ku ɗauke mini uba ina kasuwa kamar buhun dankali. Ba magani, ba rigar barci, ba safa. Ka san sau nawa yake tashi numfashi ya ƙi? Ka san yadda ake jera masa matashi? Na yi alkawarin ya kwanta a jirgi, amma a bayan gidana, inda zan riƙa shiga ina fita. Ban yi alkawarin a raba ni da shi ba.

Ga ƙunshi nan na ba mai tsaron ƙofar Lemmer, maganin da kayan sanyi. Farar ƙwaya da safe, ɗigon ruwan idan ƙirjin ya riƙe. Ka rubuto mini inda za ku tsaya, ko ina ne, in shigo jirgin ƙasa in zo. Ba roƙonka nake ba.

Hiske

*

A kan hanya, kudu da tafki
Kafin Kirsimeti

Yaya Hiske,

Na gaishe ki, ko ba ki amsa ba. Baba yana da rai, yana magana, ya sa safar. Ƙunshin ya same mu tare da takardunki uku a ɗaure wuri ɗaya, har da waɗanda kika ce kada in taho kai tsaye. Na karanta su ina jin kamar in sa hannu a ka.

Ga yadda aka yi. Mun shigo korama da hantsi, ƙanƙara tana ƙara a jikin jirgi kamar ana taka kwalabe. Na hango injin iska na ja jiniya, dogo ɗaya gajeru biyu. Minke tana gaba da gora, sai na ji ta ƙwala ihu ta ce in ja baya. Na ɗauka saniya ce ta faɗa ruwa. Na leƙo, na ga tudu a gabana da mota tana gudu a kai. Na juya injin baya da duk ƙarfinsa, duk da haka sai da hancin jirgin ya caki yashi. Na fito na tsaya ina kallo. Har na sake jan jiniya, Yaya, don wauta, wai ko wani zai zo ya buɗe.

Wanda ya zo Jelle ne. Suna aiki can gaba, ya ji jiniyar ya gangaro. Ban san na iya irin zagin da na yi masa ba. Ya tsaya ya shanye duka, da na gaji ya ce, "Ka gama? Iska daga nan take kaɗawa zuwa gari. Ya ji ka. Yanzu haka yana bakin taga yana jira, kuma Hiske ba ta nan." Ya hau motarsa ya tafi.

Abin da ya faru a gidan daga bakin Baba na ji. Jelle ya same shi a tsaye ya dafa taga, ya sa hularsa ta tuƙi. Jelle ya durƙusa gabansa ya faɗa masa gaskiya duka, har da cewa da motarsa aka zuba. Da Baba ya gama ji sai ya ce, "Motar taka tana da tsani ko sai ka ɗauke ni?" Jelle ya ɗauke shi. Da suka iso kan tudu a bayansa ya goyo shi, yana zamewa a yashi, har cikin jirgi. Baba ya shafa sitiyari, ya leƙa ɗakin baya, ya ce Minke ta canza wa agogo wuri. Sannan ya zauna ya ce, "Juya shi."

Na ce, "Baba, mu jira Yaya."

Ya ce, "Dubi ruwan. Kafin rana ta faɗi ya daskare, ka kwana nan har bazara, hancinka a cikin yashi, motoci suna watsa maka taɓo. Ba zan mutu a jirgin da ba ya tafiya ba. Wannan ai akwati ne."

Na jira, Allah ya sani na jira. Na ce injin ya ƙi tashi, na yi ta kwance abin da lafiyarsa ƙalau. Ya gane, ya ce in ba zan tayar ba zai sauka ɗakin injin da kansa, ya kuma fara miƙewa. Wurin babu faɗin juyawa, da baya muka fita har mashigar gonar manomin nan Hidde, can muka juya. Ban ga bas ɗinki ba. Da na gan ki ban san me zan yi ba.

Kin ce in faɗa miki inda za mu tsaya. Abin da ya fi yi mini nauyi ke nan. Ba ma tsayawa. Duk garin da na nufi gaɓa sai ya ce in wuce. Na karanta masa takardarki, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Idan muka ɗaure igiya Hiske za ta zo. Idan ta zo ta ce in sauka, sauka zan yi, don ban taɓa iya mata ba. Wuce." Saboda haka muke ta bin inda ruwa bai daskare ba, jirgi babu kaya, kamar marasa gida.

Kada ki ɗauka ƙinki yake. Da safe yakan ce, "Yanzu tana hura murhu." In an jima ya ce, "Yanzu tana zagin mai madara." Ya ce Minke ba ta iya jera matashi ba.

Ki yi wa Jelle magana. Ni na zage shi na huce.

Wiebe

*

Terwier
Washegarin Kirsimeti

Wiebe,

Na amsa gaisuwarka. Ka gaida Minke, ka ce mata matashi biyu a baya, ɗaya a ƙarƙashin hannun hagu.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun da ƙarfi, Jelle yana ji. Da na zo wajen goyon sai ya tashi zai fita, na ce ya zauna ya ƙarasa kofinsa. Iyakar abin da na iya ke nan tukuna.

Ka karanta wa Baba wannan daidai yadda na rubuta, kada ka gyara. Baba, ba zan sauke ka ba. Na rantse ba zan ce ka sauka ba, ko da ido. In ka ga dama ka zauna ba safa, ka sha taba har ɗakin ya yi duhu. So nake in zo in zauna a gefen gadon kawai. Ba na so maganar da na yi maka a bakin ƙofa ta zama ita ce ta ƙarshe.

Jakata tana ɗaure a bayan ƙofa. Suna ɗaya nake jira, sunan gari.

Hiske

*

Veldhoek, bakin babbar korama, gefen masana'antar cuku
Lahadi da safe

Yaya,

Gaisuwa. Takardarki ta same mu jiya a ƙofar ruwa. Na karanta masa yadda kika ce, ban gyara ba. Ya sa na maimaita wajen rantsuwar. Ya juya fuska bango, can ya ce, "Ɗaure igiya."

Mun ɗaure a nan. Jikin ya yi nauyi tun shekaranjiya, ba ya iya zama a sitiyari, ruwa kawai yake karɓa. Yau Lahadi gidan waya a rufe, na rasa yadda zan yi. Shi ne ya buɗe ido ya ce ba ga motoci can suna lodin cuku ba, in je in roƙi ɗaya. Na je. Akwai direban da zai yi arewa yanzu, ya ce zai bi ta mararrabar Terwier ya miƙa miki hannu da hannu kafin azahar. Yana zaune a kicin ɗinmu Minke tana ba shi kofi, ni kuma ina rubutu a kan gwiwa.

Kada ki bi jirgin ƙasa, sai kin canza sau biyu. Baba ya ce Jelle ya kawo ki. Da sunansa ya kira shi, na waiga in ga ko wani ne ya yi maganar. Ku bi sabuwar hanya har ƙarshenta, ku yi hagu a coci mai koren rufi, za ku hango mu. Ya ce a aske masa gemu kafin ki iso, kada ki ce mun bar shi kamar ɗan fashi. Minke ta ɗora ruwa.

Ku taho yanzu, Yaya. Ku yi sauri.

Wiebe

Direban ya riga ya tayar da mota, na bi shi na karɓo takardar na buɗe. Mun gama askin, Baba ya shafa haɓarsa ya ce ya yi, ya tambaya ko an share miki wurin zama. Minke ta juya ta zubar da ruwan. Kafin ta juyo Baba ya cika.

Ku taho, amma ki ce wa Jelle ya tuƙa a hankali, hanya da santsi. Kujerarki tana gefen gadon, ba za mu taɓa komai ba sai kin zo.